Babi na Shida: Kumasi da Zangonta, a Ƙasar Goro

Babu wani babban al'amari a rayuwar Bahaushe da ake ƙullawa ba tare da goro ba. Da shi ake neman aure, da shi ake ɗaurawa, da shi ake raɗa wa jariri suna, shi ake kai wa malami da sarki da suruki. Amma duk faɗin ƙasar Hausa, daga Katsina zuwa Zazzau, daga Sakkwato zuwa Damagaram, bishiyar goro ba ta yi. Kurmi take so, da ruwan sama mai yawa, da inuwar manyan itatuwa. Saboda haka kakanninmu suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗaure wa jakuna kaya suna nufar kudu maso yamma, tafiyar fiye da kilomita 1,000, zuwa ƙasar da suke kira Gwanja. Goron da suke sayowa a can kuwa ba a Gwanja yake tsirowa ba. Daga kurmin Asante yake fitowa, ƙasar mutanen da Hausawan dauri suke kira Tonawa, wadda babban birninta shi ne Kumasi.

A wasu sassan duniya, mutane sun mayar da amfanin gonarsu abin zuwa kallo. A Afirka ta Kudu, tun 1971 manoman inabi na yankin Stellenbosch suka shata wa baƙi hanya daga gona zuwa gona. A Faransa, hukumar UNESCO ta sa garin Saint-Emilion da gonakin inabinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Abin da suke matsewa daga inabin nan addininmu ya haramta shi, amma akwai darasi a yadda suka riƙe tarihin amfanin ƙasarsu: tsofaffin rumbuna, da hanyoyi, da gidajen dillalai, duk an adana, an rubuta, ana nuna wa mai zuwa. Goro ya gina garuruwa, ya azurta masarautu, ya kai Hausa har bakin teku, amma har yau babu wata shatacciyar hanyar goro da baƙo zai bi. Wanda ya je Kumasi da niyyar ganin wannan tarihi, shi zai haɗa ta da kansa, kuma wannan babi jagora ne ga mai wannan niyya.

Daga Kano zuwa bakin kurmi

Tarihin Kano ya ambaci buɗewar hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, a zamanin Sarki Abdullahi Burja da ɗansa Yakubu. Amma fataucin bai kai ganiyarsa ba sai a ƙarni na 19, bisa dalilai biyu da suka zo kusan lokaci guda. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya kafa daular da ta hana giya, goro kuwa halas ne, yana kore barci da yunwa, sai buƙatarsa ta ƙaru a fada da makaranta da kasuwa. A ɗaya gefen, Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, Asante ta rasa wani babban ɓangare na cinikinta da Turawa, sai ta ƙara juyowa arewa.

Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci. Ayari yakan tashi da rani, madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da yin ciniki da sarakuna kan kuɗin fito. Su bi ta Jega ko Yawuri, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, su biyo ta Sansanin Mango da Yandi, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Kayan da suke kaiwa kanwa ce da turkuɗi da jan fata da gabu da dawaki, har da bayi. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda.

Salaga ce iyakarsu. Asante ta mallaki Gwanja da Dagomba tun kafin tsakiyar ƙarni na 18, kuma a mafi yawan ƙarni na 19 sarakunanta ba su yarda fataken arewa su shiga kurmi su sayi goro daga tushe ba. 'Yan kasuwar sarki su ke fara kai nasu Salaga su sayar, sannan a buɗe wa sauran jama'a hanya. Duk wanda ya riƙe wannan a zuciya, idan ya shiga fadar Kumasi ya ga dukiyar da ke ciki, zai san cewa ba zinariya kaɗai ta tara ta ba, akwai gumin fatake a ciki.

Fadar Manhyia

Daga fada ya kamata a fara, domin ba a shiga gari a tsallake mai gari. Osei Tutu ne ya haɗa kan Asante a ƙarshen ƙarni na 17, tare da babban bokansa kuma mashawarcinsa Okomfo Anokye, suka karya ƙarfin Denkyira a yaƙin Feyiase a 1701. Asante sun yi imani cewa Anokye ne ya sauko da Kujerar Zinariya daga sama, kuma ran al'ummarsu a cikinta yake. Ba mai zama a kanta, ko sarki. Idan an fito da ita, nata mazaunin daban. A harabar babban asibitin koyarwa da ke ɗauke da sunan Anokye, akwai wani ɗan ɗaki da aka gina a kan takobin da aka ce ya kafa a ƙasa, ya ce ranar da aka zare shi Asante za ta watse. Ana ba da labarin cewa ɗan damben nan Muhammad Ali ma ya gwada ƙarfinsa a kai lokacin da ya ziyarci Ghana a 1964, takobi bai motsa ba.

Gidan tarihin Manhyia bene ne madaidaici, ba shi da girman da mai jin sunan Asante zai zata. Turawan Ingila suka gina shi a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya, wanda suka kama a 1896, suka kai shi Elmina, daga can Saliyo, daga bisani tsibiran Seshel, bai sake taka Kumasi ba sai 1924. Mutanen gidan suna alfahari da cewa bai yarda ya tare a ciki ba sai da Asante suka biya kuɗin ginin, don kada a ce sarkinsu yana zaune a gidan aro. Prempeh na Biyu ma a nan ya zauna, kuma a zamaninsa, a 1935, aka maido da haɗaɗɗiyar masarautar. An mayar da ginin gidan tarihi a 1995. A 2024, shekara 150 bayan sojojin Ingila sun wawashe Kumasi, wasu daga cikin kayan zinariyar da aka kwashe suka dawo nan. Wani gidan tarihi na Amurka ya maido da guda bakwai dungurungum, gidajen tarihi biyu na Landan kuma suka kawo guda 32, amma da sunan aro. Mai kallo zai yi murnar ganinsu, zai kuma ji ɗacin cewa ana ara wa mutum kayan kakanninsa.

Wanda ya iya daidaita tafiyarsa da ranar Akwasidae, wadda ke zagayowa ranar Lahadi duk bayan kwana 42, zai ga fada tana aiki, ba a cikin gilashi ba. Sarki mai ci, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau a 1999, yakan fito ƙarƙashin manyan laimomi, ana busa ƙahonnin hauren giwa, masu magana da yawunsa riƙe da sanduna masu kan zinariya. Hakimai na zuwa gaisuwa sun zame mayafi daga kafaɗa, sun tuɓe takalmi. Cikin jerin masu gaisuwar za ka hangi rawuna da manyan riguna. Sarakunan Zango ne, wato unguwannin baƙin arewa, da malamai, kuma matsayinsu a wannan fili ya girmi Zangon kanta.

Layu a rigar sarki

Abin da ya fi tsayar da Bahaushe a kayan sarautar Asante shi ne rigar yaƙi da suke kira batakari. Taguwa ce irin ta arewa, amma da kyar za ka ga saƙar, saboda layu sun rufe ta gaba da baya: wasu a jan fata, wasu a baƙa, wasu a fatar damisa, wasu an lulluɓe su da azurfa ko zinariya, masu kusurwa huɗu da masu kusurwa uku, an ɗinka su gab da gab. Ɗinkin dukanci ne irin wanda ido ya saba gani a kasuwannin arewa. Abin da ke cikinsu rubutun malamai ne. Har yau sabon sarki yakan sa babbar batakari a bukukuwan hawansa da manyan jana'izun fada.

Baturen Ingila Thomas Bowdich, da ya zo Kumasi a 1817, da Joseph Dupuis da ya biyo bayansa a 1820, duk sun tarar da Musulmi zaune kusa da fadar Sarki Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci, suna ba shi shawara, suna yi masa addu'a. Shugabansu Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba, yana da makarantar allo a cikin gari. Yawancinsu mutanen Gwanja da Dagomba da Mamprusi ne da Wangarawa, tare da baƙi daga ƙasar Hausa da ma nesa da ita. Malaman tarihi na cewa kusancin Sarki Osei Kwame da Musulmi na cikin dalilan da suka sa manyan Asante suka tuɓe shi. Lokacin da aka ci Asante a yaƙin Katamanso a 1826, an tsinci wani ƙunshin takardun Larabci a sansaninsu, addu'o'i da hatimai da wasiƙu, wanda yanzu yake babban ɗakin karatu na Kofanhegan a Denmak. Zuriyar waɗannan Musulmin farko, da ake kira Asante Nkramo, suna nan da limaminsu, kuma fada tana lissafa su cikin nata.

Sansanin jan dutse

A tsakiyar gari, kusa da unguwar Adum, akwai sansanin soja na jan dutse, wanda yanzu gidan tarihin sojojin Ghana ne. Turawa sun gina shi bayan 1896, kuma cikin duwatsunsa akwai na gidan dutsen da Osei Bonsu ya gina a 1822, wanda rundunar Garnet Wolseley ta rusa a 1874. A watan Maris na 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna. Wannan magana ita ta tayar da yaƙi. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranci mayaƙa suka yi wa sansanin ƙawanya wata da watanni, yunwa da cuta suka yi ta kashe na ciki, har dakarun ceto suka iso a watan Yuli. An kama ta, aka kai ta Seshel, a can ta rasu a 1921. Ana nuna wa baƙi ƙuntatattun ɗakunan da aka tsare fursunoni.

A nan akwai gaskiyar da bai kamata mu kauce mata ba. Da yawa daga cikin sojojin da suka tsare wa Turawa wannan sansani, da waɗanda suka zo ceto, ana kiransu sojojin Hausa. Ba dukkansu Hausawa ne na asali ba. Akwai bayin da suka gudo, akwai mutanen arewa na ƙabilu dabam-dabam, amma Hausa ce harshen bariki. Tun daga dakarun da John Glover ya tara a Ikko a shekarun 1860 sunan ya bi su. Hotunansu na nan jikin bango, da jar dara da bindiga. Zangon Kumasi ta tashi ne a inuwar wannan nasara ta Turawa, kuma an daɗe wasu Asante na kallon mutanenta da wannan ido. Zaman lafiyar da ake gani yau tsakanin fada da Zango ba tsintarsa aka yi ba, gina shi aka yi.

Yadda Zango ta zaunu

Faɗuwar Kumasi a 1874 ta kwance ɗaurin da Asante ta yi wa hanyar goro. Salaga ta ɓalle, ciniki ya watsu zuwa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa Salaga, fatake da malamai suka fashe. Bayan 1900, da babu mai hana su shiga kurmi, sai suka gangaro Kumasi, suka sauka a gefen gari. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, goro ya sami sabuwar hanya: daga Kumasi zuwa bakin teku, daga nan jirgin ruwa zuwa Ikko, daga 1912 kuma jirgin ƙasa har Kano. Cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya akwai Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji daga zuriyar Agalawa, wanda ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote jikan ɗansa Sanusi ne ta wajen uwa.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙi sun kwana sun wuni, sun haifi 'ya'ya da jikoki. Bayan fatake sai ga Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Yarbawa da Fulani da Kotokoli da Frafra, masu neman aikin koko da haƙar zinariya da dako. Kowace ƙabila da sarkinta, Sarkin Zango kuma a kan gaba. A shekarun 1920 Malam Sallau, mutumin Katsina, shi ke riƙe da wannan sarauta, har yana da kotunsa. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi a 1924, hukuma ta rushe wani ɓangare na tsohuwar Zango, ta gina Sabon Zango. Daga nan unguwanni suka yi ta yaɗuwa: Yalwa, Alabar, Aboabo, Asawase, Akwatia Line, Sawaba, Zangon Mosawa. Hausa ta zama harshen da ya haɗa kowa, har wanda kakansa bai taɓa ganin Kano ba.

Zango ta sha wuya a hannun siyasa. A shekarun 1950 da yawa daga manyanta sun shiga jam'iyyar Musulmi, wadda ta haɗa kai da 'yan adawar Asante a kan Kwame Nkrumah. A 1957, 'yan watanni bayan samun mulkin kai, majalisa ta yi doka ta musamman da sunan mutum biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, aka kore su zuwa Nijeriya. Korar da ta fi muni ita ce ta Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Fiye da mutum 100,000 suka fita. An sayar da gidaje a wulaƙance, an raba mata da miji, an loda mutanen da aka haifa a Aboabo a manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Ghana irin wannan kora. Babu allo ko ɗaya a Zango da ke tuna wa mai wucewa da waɗannan kwanaki. A bakin tsofaffi kawai suke.

Babban Masallacin Kumasi, wanda aka fara ginawa a shekarun 1950 aka kuma sabunta shi a 2023, shi ne cibiyar unguwannin. Ranar Juma'a sahu kan fito har titi. Kumasi gari ne na karatu: a nan Alhaji Baba al-Wa'iz ya kafa makarantar Wataniyya, a nan kuma Babban Limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya yi karatu a gaban Malam Abdullahi Ɗantano. Da asuba layukan Zango na ƙamshin koko da ƙosai da masa, da hantsi a sauke tukwanen shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, da dare kuma hayaƙin tsire ya tashi. Wannan abinci ya fita daga Zango ya zama na Ghana duka.

A rumfar masu goro

Wanda ke son ganin sana'ar da ta kafa Zango, ya nemi rumfunan masu goro, musamman daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara, lokacin da sabon goro ke shigowa daga ƙauyukan Ahafo da Offinso da kewaye. A can ƙauye mata da yara ke tsintar kwanson da ya faɗo, a fasa, a jiƙa 'ya'yan har farar fatar da ke jikinsu ta saki, a wanke, a zuba a kwando su tsane. Aikin da ya rage na masu rumfa ne.

Za ka tarar da dattijo zaune a kan buhu, an juye goro a gabansa, hannunsa na tafiya cikinsa ba tare da ya tsaya dubawa ba. Goriya gefe guda, marsa gefe guda, minu gefe guda, fari daban, ja daban. Can sai ya tsaya a kan ɗaya, ya juya shi, ya nuna maka wani ɗan baƙin ɗigo da ba ka lura da shi ba, ya ɓare shi: ciki ya zama gari. Sankara ce. Guda ɗaya in ta kwana cikin huhu, sai ta ɓata saura. Shi ya sa ba a ɗaure goro a manta da shi. Ana shimfiɗa ganyen fita, a jera, a rufe, a ɗaure tam, bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince, a sauya ganye, a yayyafa ruwa daidai misali. Wanda aka yi wa wannan hidima har ya shekara shi ne daushe, mai tsada, abin son tsofaffi. Fatake haka suka riƙa yi a kowane zango, wata uku a kan hanya.

In ka yi sallama ka ce, “Baba, sannu da aiki, daga Nijeriya nake,” ba za ka tashi hannu wofi ba. Zai ce, “Maraba da ɗana, wane gari?” Ya miƙo maka fari guda, ya soma lissafa maka unguwar kakansa a Kano ko Katsina ko Jega. Cinikin ya ragu ƙwarai. Koko, wanda Tetteh Quarshie ya shigo da shi a 1879, ya cinye filin kurmi, kuma irin goron Gwanja ya kama ƙasar Yarbawa tun farkon ƙarni na 20, har Shagamu ta zama babbar kasuwarsa. Duk da haka motoci na ci gaba da lodi zuwa Nijeriya da Nijar da Burkina Faso. Daga nan mai ziyara ya gangara Kejetia, kasuwar da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, wadda sabon gininta kaɗai ke da shaguna fiye da 8,000.

Bayan gari

Kewayen Kumasi ƙauyukan sana'a ne, kowanne da abin da ya gada. A Bonwire da Adanwomase ake saƙar kente. Bahaushen da ya san masaƙa zai gane zaman nan take: siririn zane, ƙoshiya na kai da komo, yatsun ƙafa na jan zare, sai dai launi da zubin ado sun bambanta, kuma kowane zubi da sunansa da ma'anarsa. A Ntonso ake buga adinkra, da hatimin da aka sassaƙa daga ɓawon duma, ana tsoma shi a baƙin rini na ɓawon itacen da ake kawowa daga arewa. A Ahwiaa masassaƙa ke fafe kujeru daga gungume guda. A Besease, kusa da Ejisu, akwai ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan tsafi goma da suka rage na ginin Asante na asali, bangon ƙasa mai ado da rufin ganye mai tsini, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1980. Irin wannan gini ne ya cika Kumasi kafin faɗuwarta a 1874.

Kimanin kilomita 30 kudu maso gabas akwai tafkin Bosomtwe, a cikin wani ƙaton rami da dutse daga sararin samaniya ya haƙa shekaru wajen miliyan ɗaya da suka wuce. Tsaunuka masu kurmi sun kewaye shi, faɗinsa kusan kilomita 8. Asante na girmama shi, masunta kuma bisa al'ada a kan falankin itace suke hawa, suna tuƙi da hannu. A hanyar zuwa, duk inda ka ga gonar koko, ɗaga kai ka duba. Itacen da ya zarce kokon tsawo, mai ganye kore shar mai sheƙi, sau da yawa shi ne goro. Mutum zai iya cin goro shekara 50 bai taɓa tsayawa a gindinsa ba.

Mai sauran ƙarfi ya bi tsohuwar hanya zuwa arewa, ta Mampong da Ejura da Atebubu, ya ƙetare tafkin Volta a Yeji, ya isa Salaga. Garin ya ƙanƙance, amma rijiyoyinsa masu yawa na nan, da filin kasuwar bayi, da wuraren da har yau ake kira Wankan Bayi da Rafin Angulu. Sunayen da harshenmu aka raɗa su, kuma shaida ne cewa fataucin da muke alfahari da shi ya haɗa da sayar da 'yan Adam. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, malami kuma mawallafin waƙoƙin Hausa da Larabci, ya zauna kafin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa ruwa ya shanye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Abin da ya rage a yi

Asante sun riƙe tarihinsu da hannu biyu. Sun gina masa gidaje, sun horar da masu ba da labari, sun bi kayansu har Landan. Zango mai shekara fiye da 120 ba ta da ko ɗaki guda da baƙo zai shiga a nuna masa wagar jaki, da huhun goro, da hoton Malam Sallau, da takardun kotunsa, da littattafan malaman da suka karantar a zaurukanta. Kayan nan ba su ɓace duka ba. Suna cikin adakoki da gafakoki a gidajen zuriya, gara da damina na cin rabonsu kowace shekara. Waɗanda suka ga 1957 da 1969 da idonsu suna ta ƙarewa.

Aikin bai fi ƙarfin jama'a ba. Ghana ta kafa asusun raya Zango tun 2017, akwai majalisar sarakunan Zango, akwai jami'a a cikin gari, akwai attajirai a Kumasi da Kano waɗanda asalin dukiyar gidansu goro ne. Zaure ɗaya ya isa a fara: a ɗauki muryoyin tsofaffi, a ɗauki hoton takardu, a kafa alluna a tsohuwar Zango da rumfunan goro, a koya wa samarin unguwa zagayawa da baƙi, a haɗa hannu da Salaga da Yandi da Jega da Bebeji har hanyar ta fito sarai. Kafin wannan ya tabbata, nauyin yana kan mai ziyara. Ya je fada da sansani da tafki, sannan ya ware yini guda cur domin Zango, ya sayi goro ƙwarya guda, ya nemi dattawa ya gaishe su, ya tambaye su daga ina kakanninsu suka taso, ya rubuta abin da suka faɗa masa.